Dan Allah wace ciyawa ce wannan mai fure kamar ƙararrawa?

Ɗan Gumel: Salam ƴan uwa. Akwai wata ƴar ciyawa da ta cika gefen gonarmu tun da damina ta zauna, a wajen jigawa ta fi yawa, ba ta da tsayi, wata ma kwanciya take a ƙasa. Furenta ruwan hoda ne mai ɗan shuɗi-shuɗi kamar ƙaramar ƙararrawa, ganyen da gashi-gashi. Ƙanena ya ce ƙuduji ce mu tuge ta, ni kuma sai nake ganin tana kama da riɗi. Wa ya santa?

Baba Manomi: Wa alaikumus salam. Yaro wannan ba ƙuduji ba ce. Ƙuduji a gindin dawa ko gero ko masara za ka same ta don saiwarsu take tsotsa, a miƙe take tsaye, ganyenta sirara ne masu kaushi, furen kuma a buɗe yake ba ƙararrawa ba. Abin da ka kwatanta karkashi ne. Tsinki ganye ka murza da ɗan ruwa, in ya yi yauƙi to magana ta ƙare.

Maman Hanan: Baba ya yi gaskiya amma fa yauƙi kaɗai ba zai raba maka su ba, don dangin riɗi duk suna da shi, ka jira ta yi ƴaƴa ka duba kwanson. Na karkashi yana da ƴan ƙahoni biyu a samansa, ɗaya nan ɗaya can, shi kuwa riɗin gida kwansonsa ɗan tsini ne kawai a kai, kuma a tsaye yake girma, furensa ya fi fari. Dan Allah kar ku tuge ku zubar, wallahi ina jin takaici in ga an feshe shi da maganin ciyawa alhali mu nan cikin gari da kuɗi muke sayen garinsa. A shanya a inuwa a daka, ga miya da ɗan kanwa da daddawa, har wanke kai mata na yi da shi.

Bako na Maraɗi: Mu nan yoɗo muke ce mishi. Ku ƙara da riɗin barewa, shi ma a daji yake fitowa amma ya fi tsayi, ganyen ya rarrabu sirara kamar yatsu, in ka fasa kwanson za ka ga ƙwayar da ɗan fiffike.

Ɗan Gumel: Na gode ƙwarai Baba, na gode Hajiya. Na murza, yauƙi kam akwai, kwanson ne bai fito ba tukuna. Zan ɗora hoto in ya fito in sha Allah.