Musayar Waƙa: Burtsatsen Ikilisiya da na Ɗan Kasuwa

Tambayar wannan mako: wa ya fi biya wa jama'a buƙata, kasuwa ko ikilisiya? An ɗauki ruwan sha a unguwannin Kaduna a matsayin ma'auni.

Ɗan kasuwa, Kasuwar Barci:

Salama, iyayena, ku ba ni wuri,
Zancen ruwan unguwa zan fara.
Ikilisiya kan haƙa burtsatse da baikon masu ibada,
Ba a ware ko sisi don gyara.
Robar silindar famfon hannu tana cinyewa,
Tana son canji kusan duk shekara.
Sarƙar kai in ba giris sai ta tsinke,
Hannun famfo ya saki a hannun yara.
Mai sayar da ruwa ba ya kwana da matsala,
Yau ya lalace, yau makaniki zai kira.
Tankin lita 5,000 jarka 200 ne
Mai lita 25, ga 'yan ga-ruwa da kura.
Kuɗin jarka ke sayen mai da roba,
Na kyauta in ya mutu, sai a yi ta jira.

Dattijon ikilisiya, Kakuri:

Ɗana, batun roba ban musa maka ba,
Amma zo Kakuri ka waiwayi baya.
Masaƙar KTL ta soma aiki a 1957,
A 2002 injinanta suka tsaya.
Masaƙar UNTL ta rufe ƙofa a 2007,
Dubban magidanta suka rasa hanya.
Ba wuta, baƙin mai ya yi tsada,
Atamfar fasa-ƙwauri ta cika rumfar kaya.
Jari riba yake bi, ta ƙaura ya ƙaura,
Asibitin coci na St. Gerard na nan, ana neman lafiya.
Gwauruwar da ba ta da kuɗin jarka fa?
Mai kura ba ya saukewa sai an biya.

Mai haƙa burtsatse, Sabon Tasha:

Baba Dattijo, Yallaɓai, ku gafarce ni,
Wani tun ran haƙa ya mutu a ƙasa.
Ƙarƙashin Kaduna dutse ne shimfiɗe,
Ruwa na cikin tsaga, a auna kafin a fasa.
A haƙa a Maris, sa'ad da ruwa ya ja baya,
Na damina kan ruɗi ido, rani ya zo ya kasa.
Tsakaninsa da masai a bar mita 30,
Kwalara ba ta san baiko ba, a yi nisa.
Bututu mai tsaga-tsaga ya dace da idon ruwa,
Wankakkiyar tsakuwa a zuba a gefensa.
In babu ita yashi ne zai shiga,
Ya ci famfo, ruwa ya daina hawa bisa.
A toshe wuyan rami da siminti sosai,
Kada ruwan kwata ya gangara cikinsa.
A hura da kwamfuresa har ruwa ya washe,
A ja na awoyi, a ga ko zai isa.
Ɗan kwangila kan rage bututu don riba,
Kwamiti kan ba ɗan'uwa aiki ba gasa.
Duka biyun ramin bai yafe musu ba,
Kuɗin bayin Allah ya tafi a wasa.

Uwar zumuntar matan coci, Narayi:

'Ya'yana, Baba, ku saurari masu ɗiba,
Wahalar ruwa a kanmu take, mu mata.
Ikilisiya ta haƙa, wannan aikinta ne,
Sayarwa kuwa a bar wa zumunta.
Mace ɗaya a bakin famfo da littafi,
Kowace jarka ta fita a rubuta.
Ciniki kashi uku: na gyara, na mai tsaro,
Na ukun ya biya wa marasa shi buƙata.
Gwauraye da tsofaffi a ba su kati,
Jarka biyu kullum su ɗiba kyauta.
Ba a tambayar wurin ibadar mai ƙishi,
Musulmi da Kirista duk maƙwabta.
Lahadin ƙarshen wata a tsaya gaban jama'a,
Abin da ya shiga, ya fita, a karanta.

Ɗan kasuwa, Kasuwar Barci:

Mama, na karɓa, da sharaɗi biyu:
Kuɗin gyara a banki za a tara,
Hannu biyu za su sa kafin a cire,
Ba a ranta wa ginin coci ko bikin shekara.
Roba biyu da sarƙa a saya tun yau,
A ajiye a akwatin zumunta suna jira.