Neman kalmar Hausa: wane suna za mu ba "kalifa" ta birkin mota?

Assalamu alaikum, jama'a. Shekaranjiya na kawo tambaya a kan sunan da ya dace da ƙarfen nan da ke rungume da faifan birki a bayan tayar mota, wanda Turawan Ingila suke kira caliper, makanikanmu kuma suka mayar da shi kalifa. An ba da shawarwari da dama, na kuma yi alkawarin zan tattara su in faɗi inda na tsaya. To amma sai na fara da abin da ya jawo maganar, domin a cikinsa ma'aunin da na auna kalmomin yake.

A ƙarshen daminar da ta wuce na tashi daga Katsina zan je Daura. Ban kai Mashi ba sai na ji mota tana fizgar sitiyari zuwa dama, ga kuma warin ƙuna yana shigowa ta taga. Da na tsaya na kai hannu kusa da tayar gaba ta dama, sai na ji hucin zafi kamar na bakin tanda, alhali ta hagu lafiya lau. Washegari na kai ta wajen wani dattijon makanike a bayan Ƙofar Ƙaura. Ya sa yaransa suka ɗaga ta da jak, ya juya tayar da hannu ta ƙi juyawa, ya ce, "Malam, kalihwa ce ta riƙe." Haka ya faɗa da bakinmu na Katsinawa, wanda ke mayar da fa ta zama hwa. Na ce, "Baba, wace ce kuma kalihwa?" Ya yi dariya, ya ce in jawo benci in zauna in gani da idona.

Ga abin da na gani. A bayan taya akwai faifai na ƙarfe da ke juyawa tare da ita. Kalifa tana zaune a kan bakin faifan, ta sa shi a tsakiya, da fad guda biyu, wato 'yan faranta masu gogar faifan don tsayar da shi, ɗaya a kowane gefe. Idan direba ya taka birki, man birki yana bin tiyo ya tura fistin, wani guntun ƙarfe mai fitowa da komawa cikin ramin kalifa, fistin ya danna fad na ciki a jikin faifai. A mafi yawan ƙananan motocin da muke hawa fistin a gefe ɗaya kawai yake, saboda haka jikin kalifar kansa yana zamewa a kan wasu ƙusoshi biyu masu giris, ya jawo fad na waje, a matse faifan daga ɓangarorin biyu. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne babu wata waya mai tsalle da ke mayar da fistin baya idan an ɗaga ƙafa. Zoben roba ne kawai da ke zagaye da fistin, wanda yake ɗan lanƙwasawa idan fistin ya fito, sannan ya koma yadda yake ya ja shi baya da tazarar da ba ta kai milimita ɗaya ba. A kan wannan 'yar tazara duk lafiyar birki ta rataya. Da zarar tsatsa ta shiga tsakanin fistin da ramin da yake zaune, ko giris ɗin ƙusoshin ya bushe, ƙarfin robar ba zai iya ja ba, sai kalifa ta kama ta ƙi saki.

Wannan ne ya sa na ce duk sunan da za mu zaɓa sai ya ɗauki abu biyu, kamawa da saki. Sunan da ya nuna kamawa kaɗai ya faɗi rabin aikin ne, kuma ya bar rabin da cutar take.

Wani ya tambaya, ina tsatsa take samun ƙarfe a ƙasa mai bushewa irin tamu? Tambaya ce mai kyau. Da yawa daga cikin motocin da muke kira 'yan Beljiyam ko 'yan Kwatano sun yi shekaru a ƙasashen da ake watsa gishiri a kan titi lokacin hunturu don ya narkar da ƙanƙara, kuma ruwan gishiri shi ne babban abokin gābar ƙarfe, saboda haka da cutarsu suke isowa. Sauran kuma namu ne. Akwai robar da ke rufe bakin fistin don kare shi daga ƙura. Idan ta yage, ƙurar hunturu ta shiga, ruwan Agusta ya bi baya, mai wankin mota ya ƙara da nasa. Sannan shi kansa man birki, irin DOT 3 da DOT 4 da ke kasuwa, yana tsotsar laima daga iska. Ƙa'idar DOT 4 ita ce kada ya tafasa ƙasa da digiri 230 yana sabo, amma idan ya sha ruwa mizanin yana sauka zuwa digiri 155, ruwan kuma yana kwanciya a cikin kalifa yana cin ta daga ciki. Shi ya sa kamfanonin mota da yawa suke cewa a canza shi duk shekara biyu. Mu kuwa sai dai mu yi ta ƙari a kan tsohon har motar ta bar hannunmu, ni ma ban cire kaina ba.

Yanzu ga shawarwarin. Mutane da yawa sun ce a bar kalifa yadda take, tunda birki da fistin da sitiyari duk aro ne, ba wanda ya taɓa kuka da su. Wannan hujja ce mai ƙarfi, ban kuma zo don in raba makanike da kalmarsa ba. Damuwata biyu ce. Ta farko, a kunnen Bahaushe kalifa da halifa abu ɗaya ne, kalma ce mai daraja ta addini da sarauta, kuma suna ne da ake kiran yara da shi a gidaje da dama. Rubuta cewa "kalifa ta ruɓe, a jefar da ita" ba ya yi mini daɗi a alƙalami. Ta biyu, kalmar ba ta gaya wa mai mota komai. Ko a Ingilishin ma sunan aro ne daga wani ma'auni mai ƙafa biyu da ake gwada kaurin abu da shi, wato siffa aka duba aka sa sunan, kuma mu ba mu san wannan ma'aunin da wannan suna ba balle ya tuna mana wani abu.

Dalilin da ya sa ba mu gaji wata kalma daga direbobin dā ba a fili yake. Tsofaffin motoci da birkin ganga suke aiki, mai takalma biyu da ke buɗewa a cikin ganga. Duk da cewa wani injiniyan Ingila, Frederick Lanchester, ya yi rajistar birkin faifai tun 1902, bai samu karɓuwa ba sai bayan da motar Jaguar ta ci tseren Le Mans da shi a 1953, sannan Citroën DS ta Faransa ta fito da shi a 1955. A nan gida, Fijo 504 da aka fara haɗawa a Kaduna a 1975 tana cikin motocin da suka sa makanikanmu suka saba da shi. Kalmar baƙuwa ce ta kwanan nan idan aka kwatanta da birki.

Wani ɗan'uwa da ke zirga-zirga ta Jibiya zuwa Maraɗi ya tuna mana cewa a Faransanci sunan abin étrier, ma'anarsa kuwa likkafa, ya ce me zai hana mu ce likkafar birki, mu da muke garin hawan sallah. Na so wannan shawara ƙwarai, domin siffar ta yi kama: likkafa tana zagaye ƙafa kamar yadda kalifa ke zagaye bakin faifai. Sai dai likkafa abin takawa ce. Duk wanda aka ce wa likkafar birki, hankalinsa zai tafi wurin da direba ke sa ƙafa, ya bar taya. Jamusawa kuma sirdi suke kiran ta, don tana zaune a kan faifai kamar sirdi a bayan doki, amma sirdi ba ya matse komai. Linzami da wani ya kawo ya fi dacewa da birkin gaba ɗayansa.

Masu son a ƙera kalma daga aikatau sun gwada, sai muka tarar an riga mu. Daga kama, makami ya zama na yaƙi, Makama kuma sarauta ce. Daga riƙe, mariƙi na ƙofa ne da na tukunya. Saura mamatsi da madamƙi, kuma duka biyun Hausa ce ingantacciya a tsarin mabuɗi da madubi. Madamƙin birki ya ɗan zauna a bakina kwana guda, amma damƙa kamu ne da ba a sa ran saki a bayansa, saboda haka ya fi kama da sunan kalifar da ta lalace. Hantsaki da matsefata sun yi ƙanƙanta, kayan cire ƙaya ne.

Biyu suka rage mini: muƙamuƙi da awartaki. Muƙamuƙin birki yana da kyau, domin yana cizo yana saki, fad kuma su zama haƙora masu cinyewa, kuma kowa ya san yadda muƙamuƙi ke sandarewa ya ƙi buɗuwa. Aibinsa tsawo ne da nauyi a baki. Gwada cewa "muƙamuƙan birkin gaba" sau uku a jere. Awartaki kuwa kayan aikin maƙera ne, baki biyu ne da shi, yana kama abu daga gefe biyu, aikinsa na kullum riƙe ƙarfe mai zafi, kuma awartakin da ya ƙi buɗewa ba shi da amfani a maƙera, daidai da wanda ya ƙi kamawa. An yi mini ƙorafi cewa za a rikita shi da abin aiki idan oga ya ce wa yaro ya miƙo awartaki. Na duba wannan, na ga a gareji filaya ake cewa, awartaki ya tsaya a maƙera, saboda haka gurbinsa a buɗe yake. An kuma ce awartaki hannu ke matsa shi, kalifa kuwa man birki ke matsa ta. Haka ne, amma faifan birki ma ba da kaba aka saƙa shi ba, kuma ba wanda ya ƙi sunan.

Don in gwada kalmar, na rubuta aikin da dattijon ya yi wa motata da ita, ku ji ko ta zauna. An kwance awartakin birki daga mazauninsa, an matse tiyo don kada mai ya tsiyaye. An sa guntun katako a bakinsa, an hura iska ta ramin mai har fistin ya fito. Katakon ne ke tare shi, domin yana fitowa da ƙarfin da zai iya murƙushe yatsa. An cire zoben roba, an kankare tsatsar da ke cikin kwarminsa, wadda ita ce ke tura robar tana shaƙe fistin. An goge jikin awartakin da burushin waya, an bi cikin ramin da samfefa mai laushi. Fistin kuwa da aka ga tsatsa ta yi masa ƙananan ramuka kamar zanzana, sai aka ajiye shi aka sayo sabo, saboda a jikinsa robar take kama mai, kuma duk gugar da za a yi masa ba za ta cike ramukan ba. An wanke komai da man birki mai tsabta, an sa sababbin robobi, an shafa wa ƙusoshin giris na musamman da ba ya cin roba. A nan dattijon ya tsawata wa wani yaronsa da ya ɗauko fetur, ya ce fetur da baƙin mai da giris na gama-gari suna kumbura robar birki, bayan 'yan makonni a dawo gidan jiya. Daga ƙarshe aka mayar da awartakin, aka cire iska ta 'yar ƙusar da ke samansa, yaro yana taka birki oga yana buɗewa yana rufewa har mai ya fito babu kumfa. Ya kuma nace sai an buɗe na hagun, don kada ɗaya ya fi ɗaya kamu.

Ban ji inda kalmar ta yi tuntuɓe ba. Shi kuma wannan aiki gaba ɗaya ba kwaskwarima ba ne, domin kwaskwarima ita ce a goge baya a fesa fenti, abin da wasu masu sayar da kayan gwanjo suke yi har mai saye ya ɗauka sabo ne. Gyara kuma ya yi faɗi. Kalmar da ta dace ita ce garambawul, wato a wargaza abu a duba kowane sashe a sāke abin da ya mutu, duk da cewa 'yan jarida sun fi kai ta majalisar ministoci. Tsatsa tana nan a matsayinta ga awartakin baƙin ƙarfe. Na alminiyom kuwa, irin sanholon da ake zuba tukwane da shi, farin gari yake fitarwa, kuma farar tsatsa ta wadatar.

Saboda haka a rubutuna zan riƙa cewa awartakin birki, jam'i awartakan birki, in ambaci kalifa sau ɗaya a farko don mai karatu ya san abin da zai tambaya a shagon kayan gyara. Na koma wajen dattijon jiya da yamma na karanta masa abin da na rubuta. Ya saurara har ƙarshe, ya ce, "Malam, awartakin ya yi, ko ɗan koyo zai gane. To ƙusoshin nan biyu da yake zamewa a kansu fa? Mu fin muke cewa, kuma su suka fi kawo mana aiki." Na rubuta mazamai a takarda na soke, na rubuta ƙusar zamiya ban soke ba tukuna. Wanda yake da abin da ya fi wannan ya kawo.