Neman kalmar Hausa: "dégradation" ɓarna ce ko ta'adi?

Mai tambaya, daga wani gidan rediyo a Damagaram:

Assalamu alaikum, malamaina. Makon jiya aka kawo mini labarin wata shari'a in karanta da Hausa: wani matashi a unguwar Zengo ya ɗauki dutse ya farfasa gilashin motar maƙwabcinsa bayan sun yi cacar baki, kuma alƙali ya same shi da laifin da takardar ta kira da Faransanci "dégradation". Na fassara shi da "ɓarna". Ban kai ga fita ɗakin shiri ba sai wani dattijo ya bugo waya ya ce mini ai tumaki ma suna ɓarna a gona, kuma bai taɓa jin an kai tunkiya gidan kaso ba. Na rasa amsar ba shi. Kundin laifuffuka na Nijar, wanda aka kafa a 1961 aka kuma yi masa babban gyara a 2003, ya jera "destruction" da "dégradation" wuri guda, kuma a ƙarƙashinsu akwai sa wuta a gida, da fasa shinge, da tuge alamar iyakar gona, da sare itatuwa, da kashe dabbar wani. Tunda an ayyana Hausa harshen ƙasa a 2025, ya kamata mu tsayar da kalma ɗaya wadda za ta riƙe waɗannan duka.

Tsohon tafinta a kotu:

Wa alaikumus salam. Ɗana, dattijon nan ya taɓa zuciyar maganar. Abin da doka ke nema a nan shi ne ganganci, wato kalmar "volontairement" da ke maimaituwa a cikin ayoyin, ita kuwa ɓarna, ko ɓanna kamar yadda bakinmu ya saba, ba ta ɗauke da niyya ko kaɗan. Fara tana ɓarna, ambaliya tana ɓarna, yaron da ya tuntsure tulu ma ya yi ɓarna. Idan mai amalanke ya kauce wa rami ya goge bangon wani, ya rushe masa kusurwar zaure, abin da ke kansa shi ne ya gyara ko ya biya, ba ɗauri ba. Idan kuwa ya dawo da dare da diga ya rushe zauren don huce haushi, asarar ɗaya ce amma hukuncin ya sauya. A shekarun da na yi ina tafinta, "ta'adi" nake faɗa wa wanda ake tuhuma, kuma ban taɓa ganin wanda ya kasa gane cewa ana nufin da saninsa ya aikata ba, domin nan take za ka ji ya ce, "Wallahi ba da gangan ba ne."

Malama mai koyar da Hausa:

Baba, na gamsu da ta'adi, sai dai ina jan kunnen masu son "lalata", domin na ga tana yawo a rubuce-rubuce. A baki karin sauti yana raba lalata abu da aikin lalata, amma rubutunmu ba ya nuna karin sauti, don haka duk wanda ya ga "an kama shi da laifin lalata" a kanun labari, ba gilashin mota zai zo masa a rai ba. In za a yi amfani da ita, dole dukiyar ta biyo bayanta, ko a ce "lalatawa".

Wani malamin zaure daga unguwar Birni:

Kalmar ta'adi ba baƙuwa ba ce a shari'a. Daga Larabci ta zo, ma'anarta ƙetare iyaka a kan haƙƙin wani, kuma malaman fiƙihu sun daɗe suna ɗora lamuni, wato wajibcin biyan abin da aka ɓata, a kanta. Sai dai a fiƙihu lamunin dukiya yana hawa kan mutum ko da kuskure ya halaka ta, don haka ganganci ba ya cikin kalmar kamar yadda tafinta ya zata, sai a bakin mutanen gari. A mazhabar Malikiyya, abin da dabbobi suka ɓata na shuka da dare yana kan masu su, na rana kuwa ba a bin su, domin tsaron gona da rana aikin mai gona ne. Wannan ita ce ɓannar gona, wadda har yau ake fara kai ta gaban mai gari ko sarki a sasanta a yanke abin biya. A bar mata sunanta.

Tsohon tafinta:

Allah ya gafarta malam, na karɓi gyara. To, a rubutun doka sai a ƙara "da gangan", a huta da gardama.

Mai tambaya:

Na gode, iyayena. Ga abin da zan riƙa faɗa daga yau: sunan babin duka shi ne "ta'adin dukiya da gangan". A ƙarƙashinsa "destruction" ita ce halaka dukiya, inda abu ya tashi aiki gaba ɗaya, kamar rumbun da aka cinna wa wuta, "dégradation" kuma ita ce lalata dukiya, inda abu yana nan amma an rage masa daraja ko amfani, kamar motar nan ta Zengo. Saura "vandalisme", kalmar farfasa kayan jama'a da gangan, wadda wani limamin kirista Bafaranshe, Grégoire, ya yayata a 1794 daga sunan Vandal, ƙabilar da ta wawashe birnin Rum a shekara ta 455. Ba mu da abin yi da wannan ƙabila. Abin da muka gani a nan ranar 16 ga Janairun 2015, lokacin da aka ƙona cibiyar al'adu ta Faransa da Nijar tare da majami'u, mutanen gari ƙone-ƙone suka kira shi, ni kuma a labarai zan ce "ta'adi a kan kayan jama'a", sai in wani yana da wadda ta fi ta gajarta.