Musayar waƙa: ƙarya fure take

Ɗan Wusasa:
Salama a gare ku jama'a. Jiya fasto ya yi wa'azi a kan Ayyukan Manzanni sura 5 har jikina ya yi sanyi, to ga nawa, mai iyawa ya kama.

Ku zo ku ji labarin Hananiya,
Ya sai da fili ya rage dukiya,
Ya kawo saura kamar shi ne gaba ɗaya,
Bitrus ya tsare shi, ya faɗi ya bar duniya,
Safiratu bayan awa uku ta biyo hanya,
Ta ɗora tata a kai, ita ma sai tafiya.

Uwar Zumunta:
Ɗana, ka iya tsara baiti,
To ina buhu goman siminti?
Ran lanchin ka miƙe ba ko minti,
Yau in ka hango ma'aji sai ka sake titi.

Yaron Jos:
Wayyo Mama ta gama da shi!! Zumuntar Mata ba a ja da ku wallahi, a kawo masa ruwa

Ɗan Wusasa:
Mama, bashi ai hanji ne,
Yana cikin kowa, sananne ne,
Amma "ga ni nan a hanya" da kike ce wa mata a waya ran bita,
Alhali ko ɗankwali ba ki ɗaura ba, wannan mene ne?

Malamin Kwaya:
Ɗan'uwa ɗango na uku ɗin nan ba waƙa ba ne, wasiƙa ce. Ka fara da amsa-amon "ne" ka je ka faɗa "ta", kuma tsawonsa ya ninka na farko, wa zai iya rera wannan ba numfashinsa ya ɗauke ba?

Yaron Jos:
Malam kai kullum awo, kullum awo, mu saƙo muke bi. Amma dai gaskiya Mama ce a gaba har yanzu.

'Yar Garkida:
Ku bar siminti tukuna, ni tambaya gare ni.

Rahab ta ɓoye baƙi a kan soro,
Ta ce sun fita, ba ta ji tsoro,
Shifra da Fuwa, Allah suka ji wa tsoro,
Suka juya wa Fir'auna zance, ba su sha horo.
In an biyo maƙwabcina da adda da gora,
Na ɓoye shi a ɗaka, in ce yana nan, ko in kora?

Malamin Kwaya:
"Tsoro" sau biyu a baiti ɗaya, sannan daga "ro" an koma "ra". Ba laifi dai, ta fi ta wancan.

Ɗan Wusasa:
Malam tunda ka fi kowa sani ai sai ka sako naka mu gani, shekara nawa kana gyara wa mutane ba mu taɓa ganin ko ƙwar biyu daga wurinka ba, kuma kwayarku ma ran Kirsimeti rabi suna sama rabi suna ƙasa ba wanda ya ce uffan.

Dattijo Mai Sanda:
Ku yi haƙuri sai yanzu aka kawo wuta. 'Yata, ga abin da na gani.

Ibraniyawa ta yabi Rahab don bangaskiya,
Ba a ce an ba ta lada don ƙarya,
Yahaya takwas ta faɗi uban maƙarya,
Iblis ne, tun farko ba shi da gaskiya.
Yakubu ya sa fatar akuya ya ruɗi tsoho,
Laban ya ba shi Lai'atu da dare, ya tashi yana oho.
Gehazi ya bi Na'aman don riga da azurfa,
Kuturta ya samu, ta kama shi da zurfa.

Uwar Zumunta:
Amin Baba, Allah ya ƙara shekaru. Wannan shi ne waƙa, ba ta masu cin bashi ba.

Malamin Kwaya:
Baba da girmanka, "zurfa" ba Hausa ba ce, zurfi ake cewa, an tanƙwara ta ne don ta hau kan azurfa. Kuma "maƙarya" fa? Maƙaryata muka sani.

Yaron Jos:
Yau har Baba ba a bari ba, to Malam ga naka

Malam mai awo, mai ƙirga ɗango,
Kai ba ka gini, sai rushe bango.

'Yar Garkida:
Baba na gode amma ka zagaye ni. Yakubu da Gehazi don cikinsu suka yi, wannan kowa ya yarda zunubi ne. Ni maganar mai adda a bakin ƙofa nake, mu da muka ga irin wannan a garuruwanmu ba tatsuniya ba ce.

Ka ba ni Gehazi, na ce Rahab nake so,
In na yi shiru ma, ai sun gane ya iso.

Malamin Kwaya:
Wannan ƙwar biyun ta zauna daidai. Yaron Jos, naka ma ba laifi, sai dai sata ce, na taɓa jin irinsa a bakin ɗan kwayarmu.

Yaron Jos:
Ƙarya kake Malam, kawo shaida