Waƙa da rimiks ɗinta: lissafi ɗaya Billboard ke yi musu?

Ɗan Fagge:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Sana'ata tura wa mutane waƙoƙi a waya, kuma "Calm Down" ta Rema iri biyu ce a kwamfutata: wadda ya rera shi kaɗai a farkon 2022, da rimiks, wato sabon zubin waƙar wanda Selena Gomez ta shiga daga baya. A shagona ta farkon aka fi nema. Amma da waƙar ta kai matsayi na 3 a jadawalin Hot 100, wato jerin waƙoƙi 100 mafi tashe da mujallar Billboard ke fitarwa duk mako, a 2023, sunayensu biyu aka rubuta. To wacce aka ƙirga? In duka biyun ne, me ya sa sunan Selena ya hau? Abin yana ci mini rai, don yaron nan shi ya yi wahalar waƙarsa.

Yayan Samari:
Wa alaikumus salam ƙanena. Duka biyun ake haɗawa. Muddin rimiks bai yi nisa da waƙar asali ba a kiɗa da baitoci, waƙa ɗaya Billboard ke ɗaukarsu. Abu uku ake tarawa: sauraro ta intanet, yawan sakawa a gidajen rediyo, da ciniki. Kamfanin Luminate ne ke tattara alƙaluman, daga Juma'a zuwa Alhamis, kuma sauraron wanda ya biya kuɗin wata ya fi na mai jin kyauta nauyi. Batun suna kuwa, wadda ta fi kawo maki a cikin biyun ita ake rubuta sunayen mawaƙanta.

Sai ka lura da wannan: Hot 100 na Amurka ne zalla. Sauraron Kano da Legas ba ya shiga, balle abin da ka tura wa mutum a memori. A can, ta Selena ce ta rinjaya.

Hajiyar Zariya:
Bayanin Yaya daidai ne, amma ni ina ganin wannan doka ƙofa ce da aka bar wa manyan kamfanoni a buɗe. Ku dubi 2019. "Old Town Road" ta Lil Nas X ta yi mako 19 a matsayi na ɗaya, ta wuce mako 16 da "Despacito" ta yi a 2017. Waƙar ta karɓu, ban musa ba. Sai dai bayan rimiks ɗin Billy Ray Cyrus an sake fitar da na Diplo, aka yi wani da Young Thug, aka yi wani da RM na ƙungiyar BTS, kowanne yana janyo masoyansa, makin kuma yana zuba a asusu ɗaya. Mawaƙin da ba shi da kuɗin gayyato manya fa, da me zai yi gasa?

Kuma Billboard ɗin ta san ana wasa da dokar. Tun zamanin "I'm Real" da "Ain't It Funny" na Jennifer Lopez, a 2001 da 2002, aka fitar da rimiks tare da Ja Rule waɗanda suna kawai ya haɗa su da na asali. Bayan nan ne aka tsaurara: in an canja waƙa gaba ɗaya, lissafinta daban.

Yayan Samari:
Hajiya, ban ƙi taki ba, amma a raba lissafin ma akwai cuta. Da an raba, makin Rema zai tsage gida biyu, da wuya ya ga na 3. Haka "Essence" ta Wizkid da Tems: ta riga ta shiga jadawalin da ƙarfinta, shigowar Justin Bieber a Agustan 2021 ta taimaka mata ta kai na 9. Gidajen rediyon Amurka sun fi sakin jiki da muryar da suka saba da ita, kuma rediyo na da kaso mai tsoka a lissafin.

Ɗan Fagge:
Na gode Yaya, na gode Hajiya, Allah Ya saka. Yanzu na gane. Ni dai har yanzu ina ganin ya kamata a riƙa nuna makin kowace a gefe, ko da an haɗa jimilla, don a san abin da mai waƙa ya samu da kansa. Saura tambaya ɗaya: TurnTable, mai fitar da jadawalin Najeriya tun 2020, su ma haɗawa suke yi ko rabawa? Wanda ya sani ya taimaka mini.