Albashina bai kai fam 29,000 ba, ta yaya mijina zai zo Birtaniya mu zauna tare?

Maman Hanif ta rubuta:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Shawara nake nema wurin waɗanda suka taɓa bin wannan hanya. A Birtaniya aka haife ni, kuma ina aiki a gidan kula da tsofaffi. Mijina ɗan Najeriya ne, yana can, ni ina nan da ɗanmu wanda ya fara magana. Lokacin da aka ɗaura mana aure, sharaɗin bizar aure shi ne wanda zai ɗauki nauyin miji ko mata ya zama yana samun fam 18,600 a shekara, kuma albashina ya haura haka. Muna cikin tara kuɗin biza sai aka mayar da shi fam 29,000 a ranar 11 ga Afrilun 2024. Ni fam 25,000 nake samu kafin a cire haraji.

Yaron ne ya fi tsaya mini a rai. Idan aka ce masa ina Abba, wayata yake nunawa. Shi ma uban ba ya faɗa, amma ina jin abin a muryarsa. Wata ƙawar mahaifiyata ta ce ya nemi bizar ziyara, in ya shigo sai mu nemi ta aure daga nan, wai tunda akwai ɗa ba za su raba mu ba. Haka ne? In ba haka ba ne, me ya rage mini?

Abu Yasir ya amsa:

Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Allah Ya haɗa ku da alheri. Ni ma matata ta wannan hanyar ta zo, don haka zan faɗa miki abin da na sani.

Maganar bizar ziyara, ki ajiye ta. Doka ba ta yarda mai ziyara ya juya bizarsa zuwa ta aure yana cikin ƙasa ba, sai ya koma ya nema daga waje. Kuma a takardar neman ta ziyara zai tabbatar da cewa zai koma gida kafin wata shida. In ya rubuta haka alhali niyyarsa zama, aka gano, yaudara za a kira shi, kuma yaudara na iya jawo a hana mutum shiga har shekara 10. Hanyar lafiya a bi ta da shekara.

Giɓinki fam 4,000 ne kawai, kuma hanya biyu ake cike shi. Ta farko ajiya. Ana ninka giɓin sau biyu da rabi, a ɗora a kan fam 16,000. Ke naki ya kama fam 26,000 ke nan. Mutane kan ji an ce fam 88,500 su karaya, amma wancan na wanda ba shi da albashi ko kaɗan ne. Kuɗin zai iya zama a asusunki, ko nasa, ko na haɗin gwiwa, kuma sai ya yi wata shida a ajiye. An yarda da kyauta daga iyaye ko dangi in an bayyana inda ta fito. Rance ne ba a karɓa.

Ta biyu ƙarin aiki, kuma ita na bi. A Afrilun 2025 an sa mafi ƙarancin albashi fam 12.21 a awa, don haka awa bakwai a mako sun rufe fam 4,000. Ko a wurin aikinki a ƙara miki, ko ki haɗa da wani wurin, amma sai takardun albashi na wata shida sun nuna hakan. Abin da mijinki yake samu a Najeriya ba ya shiga lissafi, ko da wani ya yi masa alkawarin aiki a nan. Wannan ne ya fi ba ni ciwo a dokar, domin namiji mai sana'a ana lissafa shi kamar ba zai kawo komai ba.

Baba Na'Allah ya amsa:

'Yata, ni ban san kan waɗannan lissafe-lissafe ba, amma na ga jiya na ga yau. Aure zama ne. Ki ƙara awa bakwai a kan aikin ɗaga tsofaffi da kwantar da su, yaron da ba ya ganin uba, uwar ma ya daina ganinta. Me zai hana ki ɗauki ɗanki ki je wurin mijinki ku zauna, in Allah Ya buɗa ku dawo tare? Ba dole sai a Birtaniya iyali ke haɗuwa ba.

Inna Ladi ta amsa:

Baba, maganarka abin dubawa ce, kuma akwai waɗanda suka yi haka suka ji daɗi. Sai dai ya kamata ta san abin da za ta bari kafin ta tashi. In ta ajiye aikin ta tafi, ranar da suka so dawowa tare sai ta nuna tana samun kwatankwacin fam 29,000 a can, kuma tana da aikin da ke jiranta a nan wanda za ta fara cikin wata uku, ko kuma su kawo ajiyar nan mai yawa. Mutum nawa ke samun haka? Ita da yaron ƙofa a buɗe take gare su ko yaushe, shi mijin ne zai sake makalewa.

Maman Hanif, ƙanwata, abin da ƙawar mahaifiyarki ta ji yana da tushe, an dai cakuɗa shi ne. A Fabrairun 2017 Kotun Ƙolin Birtaniya ta yanke cewa sharaɗin albashi bai saɓa doka ba, amma dole a duba maslahar yara. Daga nan aka buɗe ƙofa ga waɗanda hana su biza zai jefa iyali, musamman yaro, cikin matsanancin hali. A nan ne ake iya karɓar tallafin dangi ko aikin da miji zai samu. Ta nan mijina ya shigo, domin 'yarmu tana da lalurar da take buƙatar asibiti kullum, muka kai takardun likitoci. Kewar uba ita kaɗai da wuya ta wadatar, komai zafinta. Sannan wanda ya shigo ta nan shekara 10 zai yi kafin ya samu zaman dindindin maimakon biyar, ana sabuntawa duk bayan wata 30, kowane zagaye da kuɗinsa. Har yanzu muna biya. In za ki iya cike giɓin, ki cike.

Maman Hanif ta sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Allah Ya saka da alheri. Baba, na karanta wa mijina abin da ka ce, ya yi shiru ya ce gaskiya ne. Mun taɓa yin maganar, mahaifiyata ce ba ta da lafiya, kuma ni kaɗai ce kusa da ita. Yaya Abu Yasir, yana da fili da ya gada, ya daɗe yana cewa zai sayar. Shi ma kuɗin sai ya yi wata shida? Kuma ita bizar nawa za mu tanada?

Abu Yasir ya amsa:

Kuɗin gida ko fili yana da sauƙi a nan. In ya mallaki filin tun kafin watanni shidan nan, ba sai kuɗin ya cika wata shida a banki ba. Sai dai a kawo shaidar mallaka da ta sayarwa, a ga kuɗin ya shiga asusunsa. Ku lura cewa da canjin ranar da kuka tura takardu za a lissafa naira zuwa fam, don haka kada ku tsaya a daidai 26,000, ku bar rara. Kuma kada ku taɓa wannan ajiyar wajen biyan biza. A Afrilun 2025 an sa kuɗin nema daga waje fam 1,938, na kiwon lafiya kuma fam 1,035 a shekara, wanda ya kama 3,105 a bizar farko ta wata 33, domin shekara uku ake lissafa ta.

Shi ma akwai nasa aikin tun yanzu. Zai yi gwajin tarin fuka a asibitin da aka amince da shi, takardar wata shida take yi, don haka kada ya yi gaggawa. Zai kuma zauna jarrabawar Turanci ta matakin A1, wato matakin farko, magana da sauraro. Da yawa suna ɗauka ɗan Najeriya ba ya buƙatarta, alhali Najeriya ba ta cikin jerin ƙasashen da aka ɗauke wa, sai in yana da digirin da aka koyar da Turanci kuma aka tantance shi. Ke kuma takardar albashinki ta ƙarshe da bayanan bankinki kada su wuce kwana 28 a ranar da zai tura. In za ku ɗauki mai ba da shawara, ki tabbatar lauya ne ko mai rajista da hukumar da ke sa ido a kansu kafin ki ba shi ko fam ɗaya.