"Ɗan hakin da ka raina" da kalmar disruptive

Malamar Aji: Jama'a, gardama ce ta kaure tsakanin wasu malamai biyu masu koya wa 'yan Koriya Turanci. Ɗaya ya ce ma'anar disruptive duk tana cikin "ɗan hakin da ka raina, shi ke tsone maka ido". Ɗayan ya ce sam. Me kuka gani?

Baban Yara: Na farkon rabi ya kama, Malama. Yaron da ke hana aji karatu disruptive ne, wannan kushe ne. A kasuwanci kuwa yabo ce tun da Clayton Christensen, malami a Jami'ar Harvard, ya yaɗa ta a 1995. Hakin a nan ya dace: kaya mai arha da manya suka raina, kamar motar Koriya Hyundai Excel da ta shiga Amurka a 1986 kan dala 4,995.

Mai Fassara: Tuntuɓen ɗalibin daga harshensa yake. 'Yan Koriya suna cewa "pagoejeok hyeoksin" a madadin disruptive irin ta kasuwanci, pagoe kuwa rushewa ce, sai ya riƙa sa destructive a gurbinta. A raba masa: destructive ya ruguza abu, disruptive ya katse masa tafiya. Sai furuci. Gaɓa uku ce, nauyi a ta tsakiya, amma shi biyar yake yi, di-seu-reop-ti-beu, don yana cusa wasali bayan s da kuma a ƙarshe, ga shi ba su da v. Ya fara da "rup" kaɗai, ya ƙara "dis", ya rufe da haƙoran sama kan leɓen ƙasa.

Uwar Biyu: Kakata, Allah ya jiƙanta, dakau take yi. Da injin niƙa ya zo garin ta ce garinsa warin ƙarfe yake, tuwonsa ba ya ɗauri. Gaskiyarta, in dutsen injin ya yi zafi gari kan canza ɗanɗano. Amma kwanon da take wuni a kai, injin kafin ka zauna ya gama. Sai ta koma dakan fura, don shi mata ba su yarda da inji ba.

Ɗan Kasuwa: Allah ya jiƙan Iya. Masu rushe mana rumfuna su ce ci gaba ne, su a wane layi za a sa su?

Mai Fassara: Destructive, Alhaji, ba tantama.

Baban Yara: Amma haki tsautsayi ne, injin kuwa da niyya aka kawo shi.

Uwar Biyu: To ai Iya ba ta ce haki ba, baƙo ta kira shi.